Injin niƙa nama: wanne ya dace da naman daji da ɗura sosej?

Naman daji ba ya shiga injin niƙa yadda naman rago yake shiga. Dabbar da ta ƙare rayuwarta a guje, gada ce ko mazo ko zomo, tsokarta a ɗame take, jijiya ta yi mata yawa, kitse kuwa sai an tona. Injin da yake cinye naman mahauta ba gardama, shi ne za ka ga cinyar gada guda ta shaƙe shi. Jijiya ta naɗe wuƙa, nama ya daina fitowa sili-sili, ya koma tsattsafowa kamar kunu. In kuma sosej ake nufi, irin siririn margez na Aljeriya da Maroko ko sujuk ɗin Sudan, aikin ya ninka, domin sai an niƙa, an cuɗa da kitse da kayan yaji, sau da yawa an sake niƙawa, sannan a ɗura a hanji.

Masu sayarwa sun fi nuna maka lambar watt da aka buga a jikin kwali. A ganina ita ce ta ƙarshe da ya kamata a duba. Ga waɗanda suka riga ta.

Abubuwan da za a auna

Na farko yawan naman da za ka niƙa a zama ɗaya. Ba na shekara ba, na zama ɗaya. Gada in an feɗe an cire ƙashi, da wuya namanta ya wuce kilo 10. Wanda kuwa zai haɗa da naman layya, ko yake karɓar nama daga ƙungiyar mafarauta, lissafinsa daban.

Na biyu lambar girman injin. Za ka ga an rubuta 5, 8, 12, 22 ko 32. Wannan faɗin rariyar ƙarfen da nama ke fitowa ta cikinta ne: lamba 5 kusan milimita 53, lamba 8 kusan 62, lamba 10 da 12 kusan 70, lamba 22 kusan 82, lamba 32 kuma ta kusa 100. Rariya in ta faɗaɗa, maƙogwaron da ake tura nama shi ma ya faɗaɗa, sai yankan da za ka yi kafin niƙa ya ragu. Amfanin lambar na biyu ya fi wannan: wuƙa da rariyar lamba 12 na wani kamfani galibi suna shiga lamba 12 na wani. Injin da ba shi da lamba ko kaɗan, ranar da wuƙarsa ta ɓata a wajen wanke-wanke ya zama kayan ado.

Na uku giya. Tsakanin moto da sukurun da ke tura nama akwai haƙoran giya, na roba ko na ƙarfe. Jijiyar naman daji a nan take cin injin.

Na huɗu wuta, kuma a wajenmu ba ƙaramar magana ba ce. Najeriya da Nijar da Ghana suna kan bolt 220 zuwa 240, zagaye 50 a daƙiƙa. Amurka tana kan bolt 120, zagaye 60. Yawancin injinan da suka yi suna a naman daji don mafarautan barewar Amurka aka ƙera su, saboda haka wannan bambancin zai dawo mana a gaba.

Na biyar zafi. Nama mai sanyi ƙalau, wanda ya fara ƙanƙara a gefe, shi wuƙa take yankawa tsaf. Da ya ɗumama kitse ya fara narkewa, ya shafe rariya, sosej ɗin in an gasa man ya tsiyaye ya bar maka abu busasshe mai marmashi. Injin da ke jinkiri ko yake zafi da sauri, nama yake ɗumamawa. A Sakkwato ko Zinder cikin watan Afrilu wannan ya fi komai tasiri.

Sai sauƙin wankewa, da samun kayan gyara, da kuɗi.

Na hannu

Injin niƙa na hannu shi ne wanda ake ɗaurewa a bakin tebur ana juya mariƙi. Na gargajiyar ƙarfen zubi ne da aka shafe da kuza, irin na kamfanin Porkert na ƙasar Czech da waɗanda aka kwaikwaya daga gare shi. Akwai kuma na ƙarfe marar tsatsa, ya fi tsada.

A kuɗi babu mai kama shi a sauƙi. A ƙarko ma haka, tunda babu moto babu giya, abin da zai lalace wuƙa ce kawai da rariya. Ba ruwansa da an kawo wuta ko an ɗauke, kuma ana iya tafiya da shi ƙauye ko sansanin farauta. Wani abu da ba a cika faɗa ba: da yake hannunka ne ke juyawa, da wuƙa ta ci karo da abu mai tauri za ka ji, ka tsaya. Naman da aka harba da bindigar toka ba ya rasa ƙwayar harsashi a ciki, kuma injin lantarki ba ya tsayawa ya tambaya.

Wahalarsa ba ɓoyayya ba ce. Kilo biyu ko uku wasa ne. Daga kilo goma kafaɗa za ta ba da labari, musamman a niƙa na biyu da rariya mai ƙananan huji. Aikin mutum biyu ne in ana son sauri, ɗaya na zubawa ɗaya na juyawa. Lamba 10 mai maɗauri yana son tebur mai kauri da ba ya rawa. Lamba 22 da 32 kuwa da kusoshi huɗu ake kafe su a katako, kuma su na fi yarda da su, domin maɗaurin nan yakan kwance ana tsakiyar aiki.

Haɗarinsa tsatsa. Masu arhar cikinsu zubin nasu ba ya da santsi, kuzar takan ɓare, kuma in aka wanke aka bar shi da danshi kwana ɗaya ya isa ya yi ja. Kafin ka biya, kwance shi a gaban mai shago. Shafa yatsa cikin bututun ka ji ko akwai kaushi. Ɗora wuƙar a kan rariya ka ɗaga su zuwa haske: in haske na ratsawa tsakaninsu, ba za ta yanka jijiya ba, tauna ta za ta yi.

A kula kuma, akwai injin hannu na niƙa hatsi da gyaɗa mai faifai biyu masu gurza juna. Daga nesa sun yi kama, amma wancan ba shi da wuƙa mai reshe huɗu, ba shi da rariya. Dagargaza nama yake yi, ba yankawa ba. Haka ma injin markaɗen tumatur na unguwa.

Ƙaramin na lantarki na kicin

Wannan shi ya cika shagunan kayan kicin, daga Sabon Gari ta Kano har shafukan saye na intanet. Lamba 5 ko 8 ne, jikinsa roba ko siririn ƙarfe, kan niƙan alminiyam. Kenwood da Moulinex da Panasonic duk suna da irinsa, ga kuma tarin sunayen da ba a sani ba.

A nan zancen watt ya fi ruɗar mutane. In ka ga 1800 ko 2000 a jikin injin da za ka iya ɗagawa da hannu ɗaya, yawanci ƙarfin da moton ke zuƙa ne a daidai lokacin da ya cije ya kasa juyawa. Ƙarfin da yake aiki da shi na yau da kullum yana can a ƙaramin rubutu a ƙarƙashin injin ko cikin takarda, kuma sau da yawa 'yan ɗaruruwa ne. Shi za ka nema.

Ga naman samosa, da na cikin fanke mai nama, da ƙwallon nama na miya, ba shi da laifi. Ba nauyi, ba cin wuri, ƙaramin janareta ma yana ɗaukarsa. Da yawansu suna da maɓallin juyawa baya, wanda ke warware jijiya in ta naɗe.

Naman daji ne ke tona masa asiri. Motonsa mai gudu ne da ƙara, yana zafi da wuri, shi ya sa takardun da yawansu suke cewa a hutar da shi bayan 'yan mintoci. Kana jira ya huce, naman na ɗumama a roba. Maƙogwaronsa matsattse, sai ka yanka nama ƙanana ka kuma tsince jijiya sosai. Giyarsa galibi roba ce. Wasu kamfanonin da gangan suke sa roba guda a tsakani don ita ta karye ta ceci moto, dabara ce mai kyau in ana samun madadinta a garinku. In ba a samu, haƙori ɗaya ya gutsure injin ya tafi. Tambayi mai shago ko yana sayar da wannan robar. Amsarsa ta ishe ka hukunci.

Kan niƙa na injin kwaɓa

Wadda take da injin kwaɓa fulawa na KitchenAid ko Kenwood Chef za ta iya sayen kan niƙa da ake ɗaurawa a gabansa. In injin yana gida, hanya ce mai sauƙin kuɗi, kuma na ƙarfen ya fi na roba nesa, domin ana iya sa shi a firiza ya yi sanyi kafin aiki. Amma ƙarami ne, kuma duk wahalar jijiya kan moton injin kwaɓar take sauka, wanda ya ninka kan niƙan tsada sau da yawa. Kilo ɗaya zuwa uku na naman da aka gyara tsaf, to. Sayen injin kwaɓa takanas don niƙa naman daji kuwa asarar kuɗi ce.

Babban na lantarki mai giyar ƙarfe

Wannan shi aka yi domin aikin. Jikinsa da kansa da sukurunsa ƙarfe marar tsatsa, giya ƙarfe cikin mai, moto mai nauyi da ke juyawa a natse. Mafarautan Amurka, waɗanda kakar harbin barewa da bindiga ke kama musu a watan Nuwamba a jihohi da dama, sun fi ambaton injinan kamfanonin LEM da Weston da kuma Carnivore na Cabela's. A jerin LEM, lamba 8 tana zuwa da rabin ƙarfin doki, lamba 12 da kashi uku cikin huɗu, lamba 22 da doki ɗaya, lamba 32 da ɗaya da rabi. Ƙarfin doki ɗaya watt 746 ne. Ka ga ke nan injin da aka rubuta wa 550 a nan zai iya cinye aikin da mai 2000 na kwali ya gaza. A kasuwanninmu kuma akwai irin wannan ƙira na China da na Italiya da mahauta da gidajen abinci suke amfani da su, yawanci lamba 12 da 22, kuma kan wutarmu aka yi su.

Lamba 12 mai kyau tana niƙa kilo da yawa a minti ɗaya a niƙan farko. Ma'ana naman gada guda ya wuce kafin ya san an fito da shi daga firji. Wannan saurin shi ake saye, ba don gaggawa ba, don sanyi. Jijiyar da ta kuɓuce wa wuƙarka ma yakan yanke ta ya wuce, ko da yake wannan ba lasisin ƙin gyara nama ba ne.

Kuɗinsa ya ninka na ƙaramin kicin sau da dama. Sabo daga Amurka ɗaruruwan daloli ne kafin a yi maganar dako da kwastan. Yana da nauyi, ba abin da za a riƙa sauke wa daga saman kabad kullum ba ne.

Sai wuta. In ɗan'uwa zai aiko maka daga Amurka, ko ka tsinci na gwanjo, duba farantin bayansa. Mai bolt 120 in ka soka shi kai tsaye ya ƙone nan take. Taransifoma za ta rage bolt, amma ba ta canza zagaye 50 zuwa 60, don haka moton zai yi jinkiri da kusan kashi ɗaya cikin shida, ya kuma fi saurin zafi. Taransifomar ma sai babba. Irin wannan moton a lokacin tashi yana zuƙar wuta ninkin abin da yake ci yana tafiya, shi ya sa ƙaramin janaretan kunna fanka da talabijin ba ya iya tayar da shi, inbata ƙarama kuma sai ta yi ƙara ta kashe kanta. In wutar unguwarku mai rauni ce, wadda ƙwan lantarki ke ci ja-ja, moto yana gurnani bai tashi ba, kashe shi. Haka koyil ke ƙonewa. Da a ce ni zan zaɓa tsakanin sanannen suna mai bolt 120 da wanda ba a san shi sosai ba mai 220 da giyar ƙarfe, na biyun zan ɗauka.

Haɗari mafi muni a wannan rukuni shi ne injin ya kama maka hannu. Maƙogwaron lamba 22 da 32 yana iya ɗaukar yatsu, sukurun kuma ja yake yi ba ya saki. Sandar tura nama da aka haɗo da shi ba ado ba ce. Kada a cire shingen da ke bakin maƙogwaro don a yi sauri, kada yaro ya tsaya a wurin, kuma a zare filogi kafin a kwance kai.

Lamba 32 mai bel

Akwai lamba 32 na hannu da ke zuwa da babbar ƙafar bel a madadin mariƙi. Masu kiwon tarwaɗa sun san shi, da shi da yawa suke fitar da abincin kifi. Ana haɗa shi da moto ko injin fetur. Yana da arha in aka kwatanta da ƙarfinsa, kowane mai walda zai iya kafa shi, kuma ba ya jiran wutar gwamnati. Sai dai dole a rage gudun ƙwarai da girman ƙafafun bel, domin in ya yi sauri dafa nama yake yi. Ba shi da maɓallin baya, ba shi da shinge, ga bel a fili yana neman hannun riga. Wanda aka taɓa yin abincin kifi da shi kuma kada a kawo shi kusa da naman mutane.

| Iri | Kuɗi | Ƙarko | Sauƙin aiki | Babban haɗari | Nama a zama ɗaya |
|---|---|---|---|---|---|
| Na hannu, 10 zuwa 32 | Mafi arha | Sosai, in an kiyaye tsatsa | Gajiya | Tsatsa, zubi marar kyau | Har kilo 5, ko 10 da mataimaki |
| Ƙaramin na kicin, 5 ko 8 | Matsakaici | Kaɗan a naman daji | Sauƙi, da hutu | Giyar roba, zafi | Kilo 2 zuwa 4 |
| Kan injin kwaɓa | Arha in injin yana nan | Matsakaici | Jinkiri | Wahalar da moto mai tsada | Kilo 1 zuwa 3 |
| Babba mai giyar ƙarfe, 12 ko 22 | Tsada | Sosai | Mafi sauƙi | Wutar da ba ta dace ba, yatsu | Kilo 10 zuwa sama |
| Lamba 32 mai bel | Matsakaici | Sosai | Sai gwani | Bel da maƙogwaro a buɗe | Mai yawa |

Maganar ɗura hanji

Kusan kowane injin yana zuwa da bututun ɗura sosej, kuma kusan kowa da ya gwada ya san ba daɗi. Naman da aka cuɗa da gishiri yana danƙo, ba ya son gangarawa maƙogwaro, sai ka yi ta dannawa, iska na shiga, sukuru na sake murje shi yana ɗumamawa. Abin ya fi tsanani a hanjin tunkiya na margez, domin bututunsa siriri ne hanjin kuma ba ya jure fizga. Akwai maɗuri na daban, tulun ƙarfe a tsaye mai murfin da ake murɗawa ƙasa da hannu, mai cin kilo biyu ko uku. Ba ya son wuta. Mai niyyar yin sosej a kai a kai, gara ya sayi lamba 12 da maɗuri a kan ya zuba kuɗin duka a lamba 22.

Rariya biyu sun wadatar: mai hujin milimita 8 ko 10 don niƙan farko, da mai 4.5 don na biyu. Mai milimita 3 da naman daji shaƙewa take yi. Kitse kuma sai an ƙara, kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari na nauyin haɗin. Kitsen rago ko na tozon sa ya fi na ƙoda, wanda ke daskarewa a dasashi. Gishiri kusan giram 18 a kowane kilo. In hanjin shigo da shi aka yi daga waje, karanta kwalin, domin wanda ya fi yawa a kasuwar Turai da Amurka na alade ne. Hanjin tunkiya daga mahautan gari, a kankare a wanke a ajiye cikin gishiri, ya raba gardama.

Akwai abin da injin ba zai gyara maka ba komai tsadarsa. Naman da ke kewaye da inda harsashi ya shiga a yanke shi da yalwa a zubar, domin dalma tana farfashewa ƙanana, niƙa kuma raba ta yake yi cikin naman duka. Dabbar da aka tsinta matacciya ko mai alamar ciwo ba ta shiga. Niƙaƙƙen nama a dafa shi har zafin cikinsa ya kai digiri 71 a ma'aunin Salsiyos. Kuma ba kowace dabba doka ta yarda a harba ba: Najeriya tana da dokar kare dabbobin da ke fuskantar ƙarewa tun 1985, wurare irin Yankari an hana farauta a cikinsu, barewar sahara a Nijar ma tana cikin waɗanda ake karewa.

Wuƙa da rariya tare suke cin juna, saboda haka kowace rariya a bar ta da wuƙarta. In sun dakushe, a shimfiɗa takardar yashi mai laushi a kan gilashi, a jiƙa, a goga fuskarsu a kwance har ta yi sheƙi bai ɗaya. Bayan aiki a tura gutsuren burodi ya koro ragowar nama, a wanke da ruwan zafi, a shanya sosai, a shafa man gyaɗa kaɗan.

Wa zai ɗauki wanne

Maharbin da yake samun zomo da zabin daji da gada jefi-jefi, a garin da wuta ba ta da tabbas: na hannu lamba 22, a kafe a katako mai kauri. In aljihu ya yarda, na ƙarfe marar tsatsa.

Uwargidan da naman mahauta ne aikinta na kullum, naman daji sai an kawo tsaraba: ƙaramin na kicin lamba 8 daga kamfanin da ake samun robar giyarsa, ko kan niƙa na ƙarfe in tana da injin kwaɓa. Ta tsince jijiya, ta sa naman a firiza ya fara ƙanƙara, ta niƙa kaɗan-kaɗan.

Gidan da ke sarrafa kilo 10 zuwa 30 sau da dama a shekara, ga na daji ga na layya, kuma sosej ya zama al'ada: lamba 12 mai giyar ƙarfe, bolt 220, da maɗuri na daban. Mafi yawan masu wannan tambayar a nan suka faɗa.

Mai sayar da sosej, ko ƙungiyar da ke tara nama wuri ɗaya: lamba 22, da janaretan da zai iya tayar da shi, da firiza kusa. Lamba 32 ta lantarki sai in niƙa ce sana'ar kullum. Mai bel kuwa sai wanda ya saba da injina, yana da wurin da zai killace, kuma zai sa mai walda ya yi wa bel da maƙogwaro murfi kafin a zuba naman farko.